Amsa Ga Mai Raguna Na Darki: Inda Ya Kamata A Sa Rubutu A Bangon Bidiyo

Saƙon da muka zaro daga cikin jaka a wannan mako ya fito ne daga garin Darki, cikin ƙaramar hukumar Wudil ta Jihar Kano, daga wani bawan Allah da ya ce sana'arsa kiwon turke ce, yana kuma taɓa cinikin hatsi idan kaka ta yi.

Ga abin da yake cewa a taƙaice. Ɗansa ne ke ɗaukar masa bidiyon raguna da waya, ya rubuta kuɗi da lambar waya a jiki, sannan ya ɗora a WhatsApp da TikTok da Facebook, wani lokaci har da YouTube. To amma sai masu saye su riƙa cewa ba su ga kuɗin ba, wasu su ce lambar ba ta cika ba, har ma an sami wanda ya taso takanas da kuɗin da ba su kai ba, ya kafe a kan cewa shi haka ya gani a rubuce. Shi ne yake tambaya, wai shin a wane wuri ya kamata a riƙa sa rubutun nan don kowa ya gani sosai?

To Malam, mun gode da wannan tambaya, kuma ba kai kaɗai take damu ba. Tun da wayar salula ta fara yaɗuwa a Nijeriya a shekarar 2001 ciniki ya fara sauya kama, yanzu ga shi an kai matsayin da mutum yana zaune a Kano ko Legas zai ga ragon da ke ɗaure a bayan gidanka kafin ya tashi. Abin da yake fara gani kuwa shi ne ɗan hoton nan da ke tsaye a kan bidiyo tun ba a kunna ba. Shi za mu riƙa kira bangon bidiyo, kamar yadda muke cewa bangon littafi. Idan bangon ya ja hankalinsa sai ya taɓa ya kalla, idan bai gane komai ba sai ya shafa waya ya wuce zuwa ga ragon wani. Ka ga ke nan maganar ɗan rubutu ta zama maganar abincin gida.

Kafin mu shiga cikin waya, bari mu tuna maka cewa wannan ilimi ba baƙo ba ne a wurinmu. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a Zariya a 1939, sunanta a can sama yake da manyan baƙaƙe, ta yadda ko an naɗe ta biyu mai wucewa zai san ko wace jarida ce. Haka kuma da finafinan Hausa na kaset suka kankama, bayan fitowar Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990, duk wanda ya shiga kasuwar Ƙofar Wambai ya san bangon kaset ne ke fara sayar da fim, fuskokin 'yan wasa a fili, sunan fim kuma a inda bai rufe su ba. Kai kanka idan za ka yi wa buhunka shaida kafin a loda a mota, a cikin buhun kake rubutawa. Ba ka rubutawa a baki inda za a ɗinke, ba ka kuma rubutawa a gindi inda zai zauna a ƙasa. To wannan hankalin shi za ka ɗauko ka kai cikin waya.

Abin da ya kamata ka fara sani shi ne, gefe-gefen hoton nan ba naka ba ne. Kowane kamfani yana da alamominsa da yake ɗorawa a kan bidiyon kowa, kuma ba ya neman izini. Lokacin da yaronka yake rubutu a cikin manhajar gyaran bidiyo, fuskar wayar fes take, babu komai a kai, shi ya sa yake ganin ko'ina ma wuri ne. Sai an ɗora sannan alamomin su hau. Kamar mutum ne ya zo kasuwar Darki da sassafe ya ga fili fetal a bakin titi ya baza kayansa, bai san nan ne manyan motoci ke tsayawa ba. Hantsi na yi sai tirela ta zo ta tare shi, shi da kayan babu mai ganinsu. Saboda haka bari mu bi wuraren nan ɗaya bayan ɗaya mu ga inda kowace mota ke tsayawa.

Mu fara da YouTube, inda aka fi sa bidiyo na kwance, wato wanda aka ɗauka an kwantar da waya. Awon bangonsa faɗi 16 ne tsawo 9, kuma an saba yin sa ɗigo 1280 a faɗi, 720 a tsaye. A nan mutum na iya zaɓar hoton da yake so ya zama bango, muddin ya tabbatar wa kamfanin da lambar wayarsa. To a kusurwar ƙasa ta hannun dama akwai ɗan baƙin akwati da ke nuna tsawon bidiyon, minti kaza da daƙiƙa kaza. Wannan akwati yana nan daram a kan kowane bango. Bugu da ƙari, idan mutum ya taɓa kallon bidiyon, wani jan layi yakan bi ta gindin hoton. Don haka ƙasan hoto, musamman ta dama, a bar wa kofaton rago da ƙasar da yake tsaye a kai. Rubutu ya koma sama ta hannun hagu, domin mai karatun boko daga hagu idonsa ke tashi, ragon kuma ya tsaya daga tsakiya zuwa dama.

Ina jin a nan ne aka sami matsalar mutumin da ya zo maka da kuɗin da ba su kai ba. Alal misali a ce an rubuta N250,000 a wannan kusurwa ta dama. Ƙarshen lamba ai shi ne ke can dama, sai akwatin ya hau kan sifiri ɗaya ko biyu. Mai kallo cikin sauri, ga rana na dukan waya, sai ya karanta abin da zuciyarsa ke so. Ya biya kuɗin mota tun daga Kano, ya ƙetare gadar Wudil, ya iso yana murna ya sami garaɓasa. Kai ka san ba ka yi ƙarya ba, shi kuma ya rantse ya gani da idonsa. Daga nan sai musu, ƙarshenta ya koma yana faɗa wa mutane cewa 'yan Darki suna sauya magana. Ka ga sifiri ɗaya ya jawo wa gari guda baƙin jini.

Sai kuma bidiyo na tsaye, wanda aka ɗauka waya na miƙe, irin na TikTok da gajerun bidiyon Facebook da Instagram da YouTube. Shi awonsa faɗi 9 ne tsawo 16, kuma alamomin da ke kansa sun fi yawa. Ka duba wayarka yanzu ka gani. A gefen dama, daga wajen tsakiya zuwa ƙasa, akwai jerin alamomi: hoton mai shafi, da alamar zuciya, da ta sharhi, da ta turawa. A ƙasa akwai sunan mai shafi da bayanin da ya rubuta, da sunan sautin da aka sa. A can sama kuma akwai rubutun kamfani, ga agogon waya da alamar batir, ga kuma ɗan ramin kyamara da wayoyin yanzu ke da shi. Ashe ke nan sama an ci, ƙasa an ci, dama an ci. Abin da ya rage maka shi ne cikin hoton. Har ila yau, idan wani ya sauke bidiyo daga TikTok don ya tura wa abokinsa, tambarin kamfanin da sunan shafinka sukan fito a jiki suna yawo a gefe-gefe, su ma suna iya hawa kan rubutun da aka matsa da shi baki.

Akwai kuma wani yanka da mutane ba su cika lura da shi ba. Idan mai saye ya shiga shafinka na TikTok don ya ga sauran kayanka, zai tarar da bidiyoyin a jere uku-uku, ƙanana, an datse kowanne sama da ƙasa, kuma a kusurwar ƙasa ta hagu an rubuta yawan waɗanda suka kalla. Rubutun da aka kai can ƙololuwa sai ka ga an fille masa kai. Kuma kamfanonin nan sukan sauya tsari ba tare da sun yi shawara da kowa ba. A farkon shekarar 2025 Instagram ya sauya jerin hotunan shafi daga masu kusurwa huɗu daidai zuwa masu ɗan tsawo, mutane da yawa suka wayi gari an yanke gefen rubutun da suka yi a tsofaffin hotunansu. Wanda ya tsira shi ne wanda tun farko ya tattara abinsa a ciki, ya bar sarari a kowane gefe.

Yanzu mu zo kan WhatsApp, wanda na san shi ne aka fi amfani da shi a karkara. Shi ba ya ba ka zaɓin bango. Farkon bidiyon shi yake ɗauka ya tsayar. Saboda haka ka gaya wa yaro kada ya danna ɗauka waya na kallon ƙasa, har a ga takalminsa da kashin awaki kafin ya ɗago. Ya saita ragon tukuna sannan ya fara, in kuwa an riga an ɗauka, a yanke farkon kafin a tura. Na biyu, idan bidiyo ya shiga wayar mutum, a tsakiyarsa cif akwai alamar kunnawa mai kama da kan mashi a cikin da'ira, a ƙasa ta hagu tsawon bidiyon, a ƙasa ta dama lokacin da aka turo. Ka ga a nan tsakiyar ma ta tsakiya an ci. Na uku, mutane da yawa sun hana wayarsu sauke bidiyo da kanta saboda tsadar data. Irin waɗannan, hoton dishi-dishi suke gani kamar an yi hazo, ƙaramin rubutu ba ya karantuwa ko kaɗan. Maganin wannan shi ne a sake rubuta kuɗin da sunan gari a wurin bayani na ƙasan bidiyo, domin shi yana isa ga mutum ko bai sauke komai ba. Shi kuwa sitatus, wanda aka fara a 2017 kuma yake ɓacewa bayan awa 24, samansa akwai sunanka da layin da ke tafiya, ƙasansa akwai bayani da wurin ba da amsa.

Idan muka haɗa duk waɗannan, ga ƙa'ida guda da za ta yi maka aiki a ko'ina, ko da ba ka riƙe sunayen kamfanonin ba. Ka raba hoton gida uku a zuciyarka, sama da tsakiya da ƙasa. Gidan ƙasa ka sallama shi. Tsakiya ta kaya ce. Rubutu ya zauna a gidan sama, amma a ɗan sauko da shi kada ya manne da baki, a kuma janye shi daga gefen dama. A bidiyo na tsaye, ka bar kamar faɗin yatsa biyu daga saman waya, da faɗin yatsa guda a kowane gefe. A na kwance, sama ta hagu. Shi ke nan, wanda ya riƙe wannan ya riƙe rabin karatun.

Sauran rabin shi ne kada rubutu ya rufe abin da ake sayarwa. Malam, kai ka fi ni sanin abin da mai sayen rago ke dubawa a kara: kai da ƙaho, ƙirji, gadon baya, cinya, da yadda dabbar ke tsayuwa a kan ƙafafunta. Mai sayen sa yana duba tozo da cikar jiki. To duk inda ka ɗora rubutu a cikin waɗannan wurare, mai wayo zai ce akwai abin da ake ɓoyewa, ko ƙaho ne ya karye, ko ƙurji ne a wurin. Wanda ya saba zuwa kasuwar shanu ta Wudil ranar Juma'a ya san ba a sayen dabbar da aka lulluɓe. Haka abin yake ga hatsi. Mai sayen wake so yake ya ga ƙwaya, ya tabbata ƙwaro bai huda ba. Mai sayen gero ko dawa so yake ya ga babu tsakuwa da ƙaiƙayi. Saboda haka a buɗe bakin buhu, a ɗebo a tafin hannu ko a kwano a kawo kusa da waya, rubutu kuma ya hau sama inda babu ƙwaya.

Wannan ya kawo mu ga wani sirri, wato wurin rubutu tun lokacin ɗauka ake tanadinsa. Yawancin yara sukan cika fuskar waya da rago tun daga ƙaho har kofato, in an zo rubutu sai a rasa inda za a sa, dole a ɗora a jikin dabba. A ja da baya taku biyu. A tsayar da ragon a gaban katanga ko danga ko fili, yadda za a sami sarari a samansa. A na kwance, a sa shi ta dama yana fuskantar hagu, sai ya zama kamar shi ma rubutun yake kallo, idon mai kallo kuma ya bi nasa. Rana ta kasance a bayan mai ɗauka, kuma da hantsi ko da la'asar ya fi tsakar rana, lokacin da inuwa ke taruwa a ƙarƙashin dabba. A kuma goge idon kyamara da gefen riga, musamman lokacin hunturu da ƙura ke yawa.

To me za a rubuta? Kaɗan. Ka tuna a wayar mai saye wani lokaci bangon nan bai fi kan sarki girma ba, in ya yi yawa ya kai akwatin ashana. Kalma uku ko huɗu sun isa, a layi ɗaya ko biyu, da baƙaƙe masu kauri. Alal misali: Balami, Darki, sai kuɗi a layi na biyu. Ko kuma: Sabon wake, buhu kaza. Gaisuwa da addu'a da kirarin shago duk suna da kyau, amma a faɗe su da baki a cikin bidiyon. Kada kuma a ɓata wuri wajen rubuta abin da ido ya riga ya gani. Kowa ya ga rago ne, ba sai an rubuta rago ba. Abin da hoto ba zai iya faɗa ba shi ake rubutawa, wato nawa ne, a ina yake, yaushe ne. A guji rubutun nan mai lanƙwashe-lanƙwashe irin na katin biki, domin da ya ƙanƙance sai ya koma kamar tafiyar tsutsa.

Launi ma abin dubawa ne. Balami fari ne, Yankasa ma fari ne mai ɗan baƙi a ido da kunne da baki, Uda kuwa gabansa duhu bayansa fari. Bunaji fari, Rahaji ja. Farin rubutu a kusa da farar dabba ko farin sama ɓacewa yake yi. Jan rubutu a kan tumatir da tattasai da attaruhu shi ma haka. Abin da ya fi fitowa, ko a cikin rana, shi ne fari ko ruwan ɗorawa a kan baƙi. Manhajojin nan kusan duk suna da wurin da ake sa wa rubutu ɗan allo a bayansa, ko a zagaye baƙaƙen da baƙin layi. A yi amfani da shi, amma allon ya tsaya daidai rubutun, kada ya cinye hoto. Launi biyu sun wadatar.

Ga kuma wata matsala tamu ta masu Hausa. Wasu samfuran rubutu na cikin waya ba su da baƙaƙenmu masu lanƙwasa, wato ƙ da ɗ da ɓ. Sai ka rubuta gyaɗa ko riɗi, a maimakon ɗ ka ga ɗan akwati ko gurbi. Idan haka ta faru a sauya samfuri har a sami wanda ya san su. Wanda kuma yake da masu saye da suka fi sabawa da ajami, yana iya rubutawa da ajami, sai dai ya tuna shi daga dama yake tashi, don haka a bidiyo na kwance sama ta dama ce wurinsa, dabbar ta koma hagu. Kuɗi dai a rubuta su da lambobin da ke jikin takardar naira, waɗanda mai boko da mai allo da wanda bai yi ko ɗaya ba duk sun san su. A sa waƙafi bayan dubbai, don kada a kasa bambance dubu 25 da dubu 250.

Sai maganar lambar waya, wadda ka ce ana cewa ba ta cika ba. Lambar wayar Nijeriya guda 11 ce. Idan aka jera ta a layi ɗaya da girman da za a iya karantawa, takan miƙe daga wannan gefe zuwa wancan, ƙarshenta ya faɗa ƙarƙashin alamomin dama. Kuma lamba ba kamar kalma ba ce da za a cinci abin da ya ɓace, guda ɗaya ta faɗi shi ke nan, wani can daban za a kira. Shawararmu ita ce kada a sa ta a bango. A sa ta a wurin bayani, inda a WhatsApp mutum zai taɓa kawai ya kira. Sannan a sake sa ta a cikin bidiyon kansa, a gidan sama, a rarraba ta huɗu, uku, huɗu, ta daɗe a tsaye yadda mutum zai iya kwafa, kai kuma ka karanta ta da baki sau biyu. Dalili shi ne bidiyo yakan yi tafiya daga waya zuwa waya, har ta hannun masu tura finafinai a kasuwa, bayanin ƙasa ya faɗi a hanya, amma abin da ke jikin bidiyo da muryarka suna nan. Ka kuma sani duk wanda ya baza lambarsa, har da macuta za su kira. Kada ka saki dabba don an nuna maka saƙon shigar kuɗi a waya, sai ka tabbatar da kanka cewa kuɗin sun shiga asusunka.

Game da kuɗi, na san wasu 'yan kasuwa za su ce ai mu ba mu saba yanke farashi ba, sai an taya, a ce albarka, a ƙara, dillali ya shiga tsakani, sannan a sallama. Wannan gaskiya ne, kuma ba dole ba ne a rubuta kuɗi. Wanda ba ya so sai ya rubuta irin dabbar da garin kawai. Amma fa in ka rubuta, ka rubuta abin da in an miƙo maka za ka karɓa, domin rubutu kamar sallamawa ne. Ka kuma haɗa da kwanan wata, ko da ƙarami ne a ƙarƙashin kuɗin. Bidiyo ba ya mutuwa. Wanda ka ɗauka bara gab da Babbar Sallah yana iya dawowa bana yana yawo, ragon an daɗe da cinye shi, farashin kuma ya zama tarihi. Haka hatsi, kuɗin kaka daban, na bazara daban, wani lokaci ma tsakanin kasuwa da kasuwa sai ka ga an sami bambanci. Kwanan wata shi zai raba ka da rigima.

Wani abin da za mu ja kunne a kai shi ne ruɗi. Akwai masu sa hoton ƙaton ragon da ba nasu ba a bango, ko su rubuta araha ta ban mamaki, don dai a taɓa a kalla. Su kansu kamfanonin, irin su YouTube, dokokinsu sun hana bangon da ke yaudarar mai kallo. Amma mu bar ta kamfani. Wanda ke neman yawan 'yan kallo daban, kai mai neman mai saye daban. Mutum dubu su kalla su watse bai kai mutum ɗaya da zai zo ya tarar da abin da ya gani, ya saya, baɗi ya dawo da ɗan'uwansa ba. Hausawa sun ce ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma a garin da kowa ya san gidan kowa, ya fi ƙurewa da wuri.

Wata baiwar Allah daga cikin garin Wudil ita ma ta aiko da tambaya mai kama da wannan. Ta ce tana yin man gyaɗa da ƙuli-ƙuli a cikin gida, tana sa wa a sitatus, shin dole ne sai ta nuna fuskarta kafin a saya? Malama, ba dole ba ne. Kayanki su ne fuskar. Ki jera kwalaben a kan tabarma ko faranti mai tsabta, a wurin da haske ke shigowa, ki bar sarari a sama, ki rubuta kuɗin kwalba a nan. Kada rubutun ya hau kan kwalbar, domin mai saye so take ta ga launin man da yadda ya tace. Tun da waɗanda ke ganin sitatus ɗinki suna da lambarki, ba sai kin rubuta ta a jiki ba. In kuwa za a kai bidiyon wani dandali da kowa ke gani, kina iya sa lambar maigida ko ta wani ɗan'uwa da kuka yi shawara da shi.

Daga ƙarshe, Malam, kafin a saki kowane bidiyo a yi masa gwaji, ba ya cin ko kwabo. A fara tura shi zuwa wayar wani na gida, a ga yadda ya fito a can. A fita da wayar rana, a miƙe hannu, a duba. Sannan a miƙa wa wani dattijo ya kalla na ɗan lokaci kaɗan, a karɓe, a tambaye shi me ake sayarwa, nawa ne, a ina. In ya amsa duka, an dace. In ya yi inda-inda, a koma a gyara. Bayan an ɗora kuma a sake buɗewa a duba kamar baƙo, a ga ko wata alama ta hau kan rubutun. Kai kuma da yaro ke riƙe maka waya, ka sa ya karanta maka abin da ya rubuta baƙi bayan baƙi kafin ya tura, domin sunanka ne a kai, kuma kai za a zo a tarar a turke.

To jama'a, a nan za mu dasa aya a wannan mako. Wanda ya gwada abin da muka faɗa, ya rubuto mana yadda ta kaya, wanda kuma ke da wata tambaya, ƙofa a buɗe take. Allah ya ba da kasuwa mai albarka, ya sa a sayar lafiya a koma gida lafiya.